Hedset ɗina na tuƙin jirgi ya shekara bakwai: in sayi sabo ko in gyara shi?

Tambaya: Assalamu alaikum, Kyaftin. Ina da hedset, wato abin sawa a kunne mai makirfo da matuƙi ke magana da shi ta rediyo, ƙirar Bose A20, da na saya shekara bakwai da suka wuce, lokacin ina ɗalibi a kwalejin koyon tuƙin jirgin sama ta Zariya. Yanzu ni ma koyarwa nake yi a ƙananan jirage masu farfela, wata rana in yi awa huɗu ko biyar a sama. Kwanan nan ƙugin inji yana shigo mini fiye da da, kuma in na daɗe sai kaina ya ɗau ciwo. Abokan aikina biyu sun koma A30, sabon samfurin Bose, ɗaya ya sayo Lightspeed Delta Zulu. Ina sa ran nan da shekara ɗaya ko biyu in koma manyan jiragen fasinja, in Allah ya yarda. In sayi sabo ne, ko in ci gaba da lallaɓa wannan?

Amsa: Wa'alaikumus salam, ƙanena. Allah ya yi wa aiki albarka, ya nuna mana ranar da za ka hau kujerar hagu, ta kyaftin, a babban jirgi.

Kada ka saya tukuna. A20 mai shekara bakwai, in dai bai faɗi ya tsage ba, ruwa kuma bai shige shi ba, da sauransa. Abin da ka bayyana ya fi kama da hedset mai neman ɗan gyara, kuma akwai dalilin da ya sa nake ganin in ka saya bana, kana iya sake saye baɗi. Zan zo kan wannan. Amma ciwon kan nan da ka ambata a tsakiyar magana shi ya fi tsaya mini a rai, don haka da shi zan fara.

Duk matuƙin ƙaramin jirgi mai injin fistin da ya ce mini kansa na ciwo bayan awa biyu ko uku a sama, abin da nake fara tambayarsa shi ne: a wane jirgi? Kowanne ka hau, ko kuwa akwai guda ɗaya da in ka sauko daga cikinsa kake jin kan ya yi dum? Ɗalibin da ke gefenka fa, shi ma yana ji? Ina tambaya ne saboda iskar kabon monoksaid da ke cikin hayaƙin inji. Ba ta da launi, ba ta da wari, kuma alamunta na farko su ne ciwon kai, jiri, kasala da tashin zuciya, wato abubuwan da kowane malamin tuƙi zai ɗora wa rana da gajiya ya wuce. Yawancin irin waɗannan jirage suna ɗumama ɗakin matuƙi ne da iskar da ake bi da ita ta jikin salansa, to in salansar ta tsage sai hayaƙi ya biyo iskar. Mu nan ba mu cika jawo hita ba sai ko a tsakiyar hunturu in an yi sama sosai, amma hayaƙi yana samun hanya ta robar ƙofa da ta saki, ko ta ramukan wayoyi a bangon da ya raba inji da ɗaki. Ka tuna hatsarin ɗan ƙwallon Ajantina, Emiliano Sala, a Janairun 2019, da jirgin Piper Malibu ya faɗa teku da shi a hanyarsa daga Nantes zuwa Cardiff. Masu binciken haɗurran jirage na Birtaniya sun sami gubar nan a jininsa da yawan da ke iya sumar da mutum, suka kuma ce da alama matuƙin ma ya shaƙa. Saboda haka kafin ka sake tashi, ka nemi 'yar na'urar gano wannan iska, irin mai batir da ke kuka in ta ji ta. Ɗan katin nan mai ɗigo a tsakiya da ake mannawa a gaban matuƙi ya fi babu, sai dai yana da wa'adi, kuma ba ya magana, sai ka tuna ka kalle shi. In na'urar ta nuna wani abu, ka rubuta a littafin jirgin, injiniyoyi su duba kafin kowa ya sake hawa.

In ka kawar da wannan, sai mu dawo kan abin da ke bisa kanka. Ƙafar tabarau mai kauri, in kushin, wato tattausan soson da ke zagaye bakin kofin kunne, yana danna ta a jikin ƙashin gefen kai, tana sa ciwon kai. Maɓallin da ke tsakiyar hular hana-sallah ma haka, in bakan hedset, wato ƙarfen da ya ratsa ta saman kai, ya hau kansa. Soson da ke ƙarƙashin bakan in ya mutu, nauyin duka sai ya taru wuri guda a tsakar ka. Ga ƙishirwa, wadda malamai ke sha fiye da kowa, don mutum yana sauke ɗalibi yana ɗaukar wani, gorar ruwa tana can cikin jaka.

Shi kuwa ƙugin da ya ƙaru, ruwa ba ya tsami banza. Hedset irin naka yana yaƙi da ƙara ta hanya biyu. Ta farko toshewa ce kawai: kofi da kushin su rufe kunne kamar yadda za ka sa tafin hannu. Wannan tana tare siririyar ƙara, irin shuuu ɗin iska, amma ƙugi mai kauri yana ratsa ta ya wuce. Ta biyu ta lantarki ce. Akwai ƙananan makirfo a ciki da wajen kowane kofi suna sauraron ƙarar, na'urar ta ƙera wani sauti kishiyarta, inda wancan ya tura iska wannan ya ja, su haɗu a bakin kunnenka su kashe juna. Dabarar ta fi ci a kan ƙara mai kauri mai maimaita kanta, kuma irin ta jiragenmu ke nan. Lissafa ka gani: farfela mai fiffike biyu tana juyi 2,400 a minti, wato juyi 40 a sakan, a kowane juyi fiffike biyu sun sari iska, bugu 80 ke nan a sakan. Injin silinda huɗu a wannan gudun shi ma tashi 80 yake yi a sakan. Wannan ƙugin na haz 80, wato bugu 80 a sakan, da 'ya'yansa na 160 da 240, shi ne ke cika ɗakin, shi ne kuma ke gajiyar da mutum har ya sauko kamar an yi masa duka.

Abin da mutane ke mantawa shi ne hanya ta biyu a kan ta farko ta jingina. An auna na'urar ne bisa cewa kofin a rufe yake ruf. Da zarar iska ta sami kafa, ƙarar da ke shigowa ta fi ƙarfin abin da ɗan lasifikar zai iya kashewa, wani lokaci har ka ji wani gurnani ko bub-bub in ka juya kai ko kana tauna. Bose da kansu sun rubuta a littafin A20 cewa a canza kushin duk wata shida ko bayan awa 350 na aiki. Yaushe rabonka da canzawa? Ga zafin Maris da Afrilu, ga gumi mai gishiri, ga ƙurar hunturu da ke busar da komai. Ciro shi ka duba a haske. In fatar ta fara saɓulewa tana bar maka baƙin ɓurɓushi a kunne da wuyan farar riga, in ka danna soson da yatsa ya ƙi tasowa da sauri, in ɗinkin ya buɗe ta ciki, to ya gama aikinsa tuntuni.

Akwai gwajin da ba ya cin ko sisi. In kun yi sama jirgi ya daidaita, ɗalibi na riƙe da tuƙi, sa tafin hannu biyu ka danna kofunan a hankali. In ƙugin ya ja baya sosai, kushin ne. Sai kuma ka zare tabarau na ɗan lokaci ka saurara. Da yawa a nan suke gane cewa ƙafar gilashin da suka saya bara ita ce ta buɗe wa ƙara ƙofa.

Wani ƙaramin malami da muka yi aiki tare ya taɓa kawo mini nasa a hanga, rumfar ajiye jirage, ya riga ya tura wa ɗan'uwansa da ke waje saƙo ya sayo masa sabo. Na juya kofin hagu, sai ga kushin ya rabu da zobensa kusan rabi, ya liƙe shi da baƙin salatif. Soson makirfo kuwa ya yi tauri da yawu da ƙura, ya koma kamar busasshiyar kuɓewa. Ina da sababbi a jaka, muka ɓamɓare tsofaffin muka danna waɗannan har suka ce ƙas, aikin bai kai minti biyar ba. Da ya dawo daga tashin la'asar, yana saukowa ya ɗauki waya ya ce wa ɗan'uwan ya dakata da sayen.

Kushin biyu na asali ba su kai dala 50 ba. A30 kuwa dala 1,249 aka sa masa lokacin da ya fito a Maris ɗin 2023. Buga wannan da canjin yau, ka ƙara kuɗin kawowa da na kwastan, ka ga wata nawa na albashin malami ya tafi. Sai dai ka nemi kushin na asali. Na kwaikwayo da ake sayarwa da araha a intanet sosonsu daban ne, kuma tunda da na asalin aka auna na'urar, kana iya sawa ka ji babu abin da ya canza, ka yanke wa hedset ɗin hukuncin da bai cancanta ba. Ka haɗa da soson bakan hedset da na makirfo a oda ɗaya. Buɗe gidan batir ma ka duba, in ka ga farin gari a jikin ƙarafan, batir ya taɓa yoyo, a goge. In matsalar karkarwar murya ce ko ɗaukewa in ka taɓa waya, ka sani a A20 waya da makirfo da akwatin batir abu guda ne da sukuru biyu ke riƙe da shi a jikin kofi, ana sayar da shi shi kaɗai, ba sai an zubar da duka ba.

Ban ce A30 ba shi da kyau ba. Na sa shi na tashi da shi, hedset ne na ƙwarai. Amma ka duba inda tafiyar ta faro. A 1978 ne Amar Bose, wanda ya kafa kamfanin Bose, ya fara zana dabarar a cikin jirgin fasinja, yana komawa Amurka daga Turai, bayan ƙarar inji ta hana shi jin abin da ya sa a kunne. A Disambar 1986 matuƙa biyu, Dick Rutan da Jeana Yeager, suka zagaya duniya cikin kwana tara a jirgin Voyager ba tare da sauka ko ƙara mai ba, da samfurin gwaji na kamfanin a kansu. A 1989 na farko ya shiga kasuwa, a 1998 aka fitar da Aviation Headset X, A20 ya zo a 2010, aka ƙara masa sauraron sauti ta Bluetooth a 2015. Babban tsallen an yi shi ne tun daga mai toshewa kawai zuwa mai lantarki. Daga A20 zuwa A30, duk da shekara 13 da ke tsakaninsu, taku ne. A kunnena, a cikin ƙaramin jirgi mai farfela, shirun da suke bayarwa kusan ɗaya ne in dukansu na da sabon kushin. Nauyinsu ma kusan ɗaya, batir AA biyu ne a kowanne, kuma awa 45 ɗin da kamfanin ke faɗa ba ta canza ba.

Abin da A30 ya zo da shi sabo: matakai uku na kashe ƙara, babba da matsakaici da ƙarami; in ka ƙwanƙwasa kofi sau biyu da yatsa sai ya buɗe maka wannan kunnen ka ji mai magana a gefenka; ana mayar da makirfo dama ko hagu ba tare da sukudireba ba; sannan kamfanin ya ce ya rage matsin da kofuna ke yi wa kai da kashi 20 cikin 100. To kai da ke yini a bayan farfela, a babban mataki za ka bar shi daga safe har yamma, kuma da ɗalibinka ta intakom, layin magana na cikin jirgi, kuke magana. Makirfo kuwa sau ɗaya za ka mayar da shi gefen da kake so ka manta. Abin da ya rage maka a ciki shi ne sassaucin matsi, kuma ba na raina shi. Mai awa biyu a mako ba zai damu ba, amma mai awa biyar a yini, kan da ba a matse ba wani abu ne. In ka canza kushin da soson bakan hedset, ka koma tabarau mai siririyar ƙafa, ka tabbatar babu hayaƙi, kuma har yanzu a awa ta uku kana ɗaga kofi kana murza gefen kai, to ka sami dalili na gaskiya, ni ma zan ce ka saya.

Delta Zulu ya fito a 2022, kuma shi wata hanya ya ɗauka. Yana da na'urar jin kabon monoksaid a jikinsa, wadda ke gaya maka a kunne in iskar ta yi yawa. Yana gwada jinka ta manhajar waya ya daidaita sauti da kowane kunne. Ana iya sa masa batir mai caji ko AA. Garantin Lightspeed shekara bakwai ne, na Bose biyar. Kofunansa sun fi faɗi, masu manyan kunnuwa da yawa sun fi jin daɗinsa, wasu kuma su ce ya fi musu girma a ka. Kowane allazi da nasa amanu. Na'urar hayaƙin nan tunani ne mai kyau ƙwarai, ina yaba masa, sai dai ba za ta sa in ce ka kashe sama da dala dubu ba, tunda mai zaman kanta tana yin aikin a kan kuɗi kaɗan, kuma ita kana iya samunta a wannan makon.

Yanzu ga dalilin da na ce saye bana na iya zama saye biyu. Ɗakin matuƙi na jirgin jet wata duniya ce daban. Ƙugin farfela babu shi, abin da ya fi yawa ƙarar iska ce a jikin gilashi da ta fankokin sanyaya na'urori. Matuƙa biyu sau da yawa baki da baki suke magana, shi ya sa za ka ga kyaftin ya zame kofi ɗaya daga kunne. Da yawansu sun fi son marar nauyi, irin Bose ProFlight da ya fito a 2018 aka sabunta shi a 2019, wanda ake cusawa cikin kunne, ko David Clark DC PRO-X da ke zama a kan kunne. In kuwa jirgi mai farfela da injin tabain, wato injin irin na jet, ka samu, irin ATR 72 ko Dash 8, nan babban kofi mai kashe ƙara yake da daraja. Ga maganar filogi: naka mai kai biyu ne, babba na ji da ƙarami na makirfo. Jiragen Airbus galibi mai fil biyar suke ɗauka, helikwafta mai kai ɗaya, wasu ƙananan jiragen zamani kuma mai fil shida da ke jan wuta daga jirgi. Sannan kamfanoni da yawa littafin aikinsu ya ce sai hedset mai tambarin TSO, wato wanda ya cika ƙa'idar ƙira ta hukumar FAA ta Amurka, wasu ma nasu suke so ka sa. A20 da A30 duk suna da tambarin. Ba ka san kamfanin da zai ɗauke ka ba, ba ka san jirgin da za a tura ka koyo ba. Ranar da ka sani, matakai ukun nan na A30 da ƙwanƙwasa kofi za su iya zama abin da kake nema, ko kuma ka ga ProFlight ne ya dace. Ajiye kuɗin zuwa ranar, kuɗin horo a kan sabon jirgi ma na nan yana jiran ka.

Akwai wanda in shi ya yi mini wannan tambayar, amsar da zan ba shi daban ce, kuma ina so ka riƙe ta saboda ɗalibanka. Shi ne mai hedset marar lantarki da ya fara tara awoyi da gaske. Koren David Clark H10-13.4 ɗin nan da kowa ya sani ƙarfe ne, ba ya neman batir, ana gadonsa, kuma an rubuta masa rage ƙara na desibel 23 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti). Amma a kan ƙugi mai kauri ƙarfinsa kaɗan ne, sai mutum ya riƙa ƙara murfin rediyo don ya ji hasumiyar kula da jirage, ya zama ga ƙarar inji ga ta rediyo duk a kunne ɗaya. Hukumar NIOSH ta Amurka, mai binciken lafiyar ma'aikata, ta sa iyaka a desibel 85 na awa takwas a yini, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu: 88 awa huɗu, 91 awa biyu, 94 awa ɗaya. Ɗakin ƙaramin jirgi mai fistin yana kaiwa 90, yana wucewa in ana hawa da cikakken mai. Can cikin kunne, bayan dodon kunne, akwai wani abu mai siffar dodon-koɗi da ƙananan ƙwayoyi masu gashi a jere, su ne ke mayar da sauti saƙo zuwa ƙwaƙwalwa. Wadda ƙara ta kashe ba ta sake tsirowa.

Ni da irin marar lantarkin na fara, na aro ma, wanda kushinsa ya riga ya daskare. Yau in dare ya yi, bayan isha gida ya yi tsit, akwai wani siririn fito da ke tashi a kunnena na hagu, ba ya tafiya. A wurin ɗaurin aure ko walima, in mutane suka yi yawa ana hayaniya, sai na juyo da kunnen dama kafin in kama abin da na kusa da ni ke faɗa. Ina cin gwajin lafiya, alhamdu lillahi, amma na san abin da na rasa.

Wannan gwajin ma akwai abin lura a cikinsa. Ƙa'idar ICAO, hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, ta lafiyar aji ɗaya, wato ta matuƙan jiragen kasuwanci, ta ce kada raunin ji ya wuce desibel 35 a haz 500, 1,000 da 2,000, ko desibel 50 a haz 3,000, kowane kunne daban. Ana gwadawa aƙalla duk shekara biyar kafin mutum ya kai 40, daga nan duk shekara biyu. Ɓarnar ƙara kuwa a wajen haz 4,000 take fara nunawa, wato sama da inda ƙa'idar ta tsaya. Mutum na iya cin gwaji shekara da shekaru alhali ɓarna ta riga ta fara, tana gangarowa a hankali. In ka je gwaji na gaba, ka roƙi likita a auna har 4,000 da 6,000, ka karɓi kwafin takardar ka adana, ka riƙa gwada ta da ta gaba. Ɗalibin da ba shi da halin mai lantarki, ka ce ya sa soson toshe kunne a ƙarƙashin hedset ɗinsa, yana taimakawa sosai. Ɗalibai mata masu hijabi kuma ka gaya musu su zaɓi yadi marar kauri, su kula kada ɗinki ko ninki ya faɗo daidai inda kushin ke zama, don nan ma kafa ce.

Kai kana da mai lantarki tun kana ɗalibi, ka riga ka yi babban tsallen. Abin da ya rage maka shi ne ka mayar da shi yadda yake ranar da ka ciro shi daga kwali.

Kuma ka yi sa'a, abin da kake tunanin saye yana hannun abokan aikinka, sai an gwada akan san na ƙwarai. Fara da sabon kushin ka tashi mako biyu, kunnenka ya tuna yadda A20 mai lafiya yake. Sannan ka ari A30 na yini guda cur, wata rana kuma Delta Zulu, a jirgin da ka saba, da tabarau da hular da ka saba. Sawa na minti goma a hanga ba ya gaya maka komai, kowane sabon hedset daɗi gare shi a minti goma. A awa ta uku ake sanin gaskiya: ina ne ke zafi, kunne ya taɓa cikin kofi ko bai taɓa ba, gumi ya taru ko bai taru ba. Tambayi ɗalibi yadda muryarka ke fita. Ka kuma tabbatar kana jin ƙahon da ke kuka in fiffike ya kusa daina ɗaukar jirgi, da duk wani gargaɗin da ba ta cikin hedset yake zuwa ba. FAA ta fitar da sanarwa a kan wannan tun 2007, tana jan hankalin matuƙa su gwada da kansu cewa hedset mai kashe ƙara bai rufe musu irin waɗannan sautuka ba. Ka ɗan kashe lantarkin ma a sama ka ji yadda abin yake in batir ya mutu. Rediyo zai ci gaba da aiki, amma ƙugin zai dawo da ƙarfi fiye da yadda yake a marar lantarki na asali, kuma gara ka san wannan da rana tsaka kafin ya same ka kana shirin sauka da dare. AA biyu sababbi su zauna a aljihun da hannunka ke kaiwa, na kirki, don jabun batir ya cika kasuwa kuma shi ne ke yoyo.

In gwajin ya kai ka ga saye, saya a wurin dillalin da kamfanin ya amince da shi, ka adana rasit da lambar jikin hedset ɗin. Garanti yana da amfani, amma daga nan sai an aika da kaya waje an jira, don haka kada ka sayar da A20 ɗin, shi zai riƙe ka a lokacin, kuma zai yi wa ɗalibin da ya zo da na aro rana. Na hannu da ake tallatawa a Facebook da WhatsApp, kada ka biya sai ka jona shi a jirgi inji na aiki.

Ko wanne ne a kanka, kada ka riƙa ajiye shi a saman allon na'urori in ka sauka. Rana tana dafa kushin ta cikin gilashi, ƙarfen bakan yana karce gilashin, kuma maganaɗisun lasifika yana karkatar da kamfas in ya kusance shi. Goge gumin da ɗan ƙyalle mai laima kafin ka sa shi a jaka, in za ka tafi hutu ka cire batir.

Ka rubuto mini abin da na'urar hayaƙin ta nuna, da ko a jirgi ɗaya ne kan ke ciwo. Wannan nake jira kafin labarin kushin.